Awarwaron Mai Sunanki a Cikin Kaset

Aujara, ranar Laraba da hantsi.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga jikata Ummi, amaryata ta ƙarshe.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ina roƙon Allah Ya sa motar da za ta ɗauke ki ranar Asabar ta sauke ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronSa.

Tun ranar da baffanki Sale ya zo daga Dutse da labarin an ɗauke ki jami'a, ƙafata ba ta zauna ba. Na faɗa a masallaci, na faɗa a kasuwa, na faɗa wa makiyayin da ya zo shayar da shanu a rijiyarmu. Mai goro ya ce, "Malam, ai jiya ka faɗa min." Na ce, "To yau ma ka ji." Ni da ban riƙe fensir ba sai da na haura arba'in, a ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, yau jikata za ta je karatun kwamfuta. Alhamdu lillahi. Maganar murna ta tsaya nan. Sauran takardar aiki ce.

A gefen jakarki za ki ga kwalin kaset-kaset ɗina, waɗanda kika ce za ki juye a kwamfutar da baffanki ya ba ki. A samansu akwai ɗaya da na ɗaure da jan zare. Shi ne na kakarki, mai sunanki, Allah Ya jiƙanta. Babu muryarta a ko'ina a duniya sai a cikinsa. Zaren sautin da ke cikinsa ya tsufa, ya fara kuka idan yana juyawa. Na kai wa Bitrus mai gyaran rediyo a Dutse, ya ɗaga shi a haske ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Baba, wannan ka daina kunna shi. Sau ɗaya ko biyu ya rage masa. Duk wanda zai juye shi, ya juye da kyau tun farko." Saboda haka nake rubuto miki.

Kin rubuta min sunan hanyoyin juyewa biyu a bayan kwalin magani, MP3 da WAV. Ni na sa musu nawa sunan, matsattse da cikakke. Yadda na fahimta daga bakinki, cikakke yana ɗaukar sautin duk yadda ya fito, amma kaset ɗaya sai ya cinye faifai guda. Matsattse kuwa na'ura ce ke dubawa, duk abin da take ganin kunnen mutum ba zai lura da shi ba sai ta zubar, har kaset goma su shiga faifai ɗaya. Kin ce cikin kwamfutarki ƙarami ne, ga littattafai za su nemi wuri, don haka duka za ki matse. Ban musa miki a gaban baffanki ba. Na bari sai na zauna da biro, domin a baki kin fi ni sauri.

Kin dai tuna gwajin da muka yi ranar Juma'a a gidansa, bayan an sauko daga masallaci aka kawo wuta. Kin fara da wani kaset na wa'azi da na saya a kasuwa. Kika kunna min iri biyu, kika ce in nuna cikakken. Na nuna, kika fashe da dariya.

"Kaka, ka faɗi! Wannan ne matsattsen."

Muka sake, na sake faɗuwa. Kika ce, "Kunnen da sai an kira shi cin tuwo sau uku, shi zai gane bambanci?"

Na ce, "Tuwon ne ba ya kiran mutum. A sa nama a miya a gani."

Wannan na yarda, kin ci ni. Amma da kika ɗauki 'yan mintoci daga farkon kaset mai jan zare, kika kunna min matsattsen, ban jira na biyun ba. Na ce, "Ina awarwaron?"

"Wane awarwaro kuma?"

"Na hannunta. Guda huɗu ne a hagu. In ta tura dutsen niƙa sai su ce cas, in ta jawo su ce cas."

Kika kasa kunne, kika ce, "Ga shi nan, ba a cire ba."

Na ce, "Wannan ba ƙarfe ba ne. Wannan ruwa ne ake tsiyayawa a kwano."

Kika kunna cikakken, sai ga su cas, cas. Sannan kika ce ai kin matse shi da yawa ne, in kin sassauta ba zan gane ba. Mai yiwuwa gaskiyarki ce. Ban san aikinku ba. Abin da na sani shi ne kurakuran da na yi da hannuna, kuma su zan lissafa miki.

Na sayi rikoda shekarar da riɗi ya yi kyau, tun ba a yi jiharmu ba. Abu na farko da na so in ɗauka shi ne kiɗan Ɗanlami mai gangar noma, wanda in ana gayya yake bin bayan manoma yana kiran kowa da kirarin gidansu. A shago aka nuna min kaset iri uku, na awa ɗaya, na awa ɗaya da rabi, da na awa biyu. Girmansu ɗaya. Na ce to wane wawa ne zai ɗauki na awa ɗaya? Mai shagon ya ce na awa biyun zarensa siriri ne. Ban saurare shi ba. Na ɗauki gayyar gonarmu tun daga kunyar farko har aka sauke fura. Na kunna shi a zaure sau biyar, mutane na cika suna jin sunan iyayensu. A na shida rikoda ta tauna zaren. Na zaro shi da tsinke, na naɗe da biro, na liƙa da jan farcen kakarki. Ya sake tsinkewa a wani wurin. Ƙarshe a bishiyar ƙofar gida ya ƙare, iska na kaɗa shi.

Na ce ba komai, baɗi ma akwai gayya. Baɗi na yi rashin lafiya. Bayan nan aka fara noma da shanu da 'yan ƙwadago, gayya ta ja baya. Da aka shigo shekarun nan na shari'a kiɗa ya yi sanyi a ko'ina, Ɗanlami ya rataye gangarsa, yanzu tumatir yake sayarwa a Taura. Na gan shi bara, ya ce ko an ba shi ganga hannunsa ya manta rabi.

Abin da na koya: duk wanda ya ce zai zuba miki abu mai yawa a wuri kaɗan, ki tambaye shi daga ina aka rage. Ba a rasa inda aka rage. Wani lokaci ragin bai dame ki ba, sai ki karɓa da saninki. Amma ki tambaya tukuna.

Kuskure na biyu na yi shi da kaset ɗin yayana, Malam Isa, wanda ya rasu tun ba ki yi wayo ba. Yana da murya, in yana bege da Maulidi mata a cikin gida sukan daina daka. Na ɗauke shi sau ɗaya a zaurensa, ya fito tangaram, har ana jin inda yake jan numfashi. Da ya rasu mutane suka yi ta zuwa neman kwafi. A lokacin na koma Dutse, ina aikin rubuta sunan baƙi a ƙofar wani ofis, aikin da karatun yamma ya sama min. A nan na san Bitrus, mutumin Filato ne, shagonsa na kusa da inda nake haya. Yana da rikoda mai baki biyu. Ya juye min kwafi, sabon kaset fes cikin ledarsa. Wani surukinmu daga Buji ya zo ya nema. Na dubi tsohon, takardarsa ta yi datti, na dubi sabon yana ƙyalli. Na ba shi tsohon, na riƙe sabon.

Da Bitrus ya ji, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Baba, uwar ka bayar?"

Na ce, "Ba duk ɗaya ba ne?"

Ya ce, "Ina fa ɗaya. Kowane juyi sai an bar wani abu a baya."

Haka kuwa aka yi. Daga kwafina aka juya wa wani, nawa ya ɓata a hannun aro, na karɓo na wancan na sake juyewa. Wanda za ki gani a kwalin nan jikan jika ne. In kin kunna za ki ji kamar Malam Isa yana bege daga cikin tulu. Na je Buji neman uwar, aka ce yara sun ɗauki waƙar biki a kai.

Kin ce min a kwamfuta kwafi ba ya rage komai, ko sau ɗari aka juya. Na ji daɗin wannan, ci gaba ne. Amma kin kuma ce daga cikakke ana iya fitar da matsattse duk lokacin da aka so, daga matsattse kuwa ba a komawa cikakke. To wannan na gane shi sarai, ba sai na je jami'a ba. Kin san damin da nake ratayewa daban a rumbu, wanda ko tuwo ya yanke ba a taɓa shi. Iri ne. Daga iri ana samun gari kowace shekara, amma ban taɓa ganin wanda ya shuka gari ba. Ki ajiye cikakke a matsayin iri. In kina son wanda za ki riƙa ji kina wanki, ki niƙa daga cikinsa, ki bar damin a rataye.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma ban taɓa faɗa wa ko babanki ba.

Kakarki ba ta son rikoda. Takan ce, "Wannan akwatin gulma, ka kawar min da shi." Wata rana injin niƙan garin nan ya lalace, kwana uku ba a gyara ba. Ta jawo tsohon dutsenta daga bayan ɗaki, ta wanke, ta durƙusa. Tun zuwan inji ban ƙara jin ta yi waƙar niƙa ba. Ranar sai ga ta tana yi, irin wadda uwarta ke yi, wadda ake saka sunan dangi a ciki, a yaba wa wani a zolayi wani. Na lallaɓa na ajiye rikoda a bayan turmi, na rufa mata ƙwarya. Gefen farko ya cika da waƙa. Na juya kaset tana tankaɗe ba ta gani ba. A gefe na biyu ba waƙa, hira ce kawai take yi da mahaifiyarki, tana ba ta labarin yadda aka kawo ta garin nan a kan jaki, da yadda na ɓuya a gonar dawa don kunya. Tana dariya har da tari.

Da na kunna mata daga baya ta jefe ni da mafici. Ta ce, "Wallahi Malam ba ka da aikin yi." Amma ta zauna ta ji har ƙarshe.

Bayan shekara biyu, da azumi, ana tafsiri a rediyo, malamin ya zo wata aya da nake son in riƙe bayaninta. Na laluba babu kaset fanko. Na ɗauki nata. Na ce a raina, ai hira ce kawai, kuma ga mai hirar nan a tsakar gida tana dama kunu, kullum ma sai ta yi wata. Na danna jan maɓalli a kan gefe na biyu. A gindin kowane kaset akwai 'yan haƙora biyu, in an karya su rikoda ba ta iya ɗauka a kai. Na san da haka. Ban karya ba, don kada in rasa wurin ɗaukar wani abu nan gaba.

Tafsirin nan, bayan salla na gan shi a kasuwar Dutse a kan kowane tebur, ya fi nawa fita. Kakarki kuwa damina biyu ta ƙara a duniya.

Ban kawo wannan don ki ji tausayina ba. Na kawo ne don ki ga yadda kuskuren yake zuwa. Ba ya zuwa da mugun nufi. Yana zuwa ne a ranar da wuri ya ƙare, mutum yana sauri, abin da zai shafe kuma yana ganin kamar ba zai taɓa wuya ba. Ke ma ranar za ta zo miki. Kwamfuta za ta ce ta cika, ga jarrabawa gobe, ki duba ki ga wani abu ƙato ya tare wuri. Shi ya sa na sa baffanki ya sayo miki faya-fayai fanko, suna ƙasan kwalin. Abin da kika juye cikakke ki fitar da shi daga kwamfutar ki sa a faifai biyu. Ɗaya ki riƙe, ɗaya ki kawo gida. Kada su kwana a jaka ɗaya.

Yanzu ga yadda nake so a raba. Ban ce ki cika duka ba, ni ma na san wuri yana da iyaka. Duk kaset ɗin da kika ga da hoto a jikinsa, na kasuwa ne. Wa'azi, karatu, waƙoƙin da kowa ke da su, ki matse su yadda kika ga dama. In sun lalace akwai dubunsu a gari, kuma kin riga kin nuna wa duniya kunnena ba ya bambancewa. Waɗanda babu hoto, da rubutun hannuna a jiki, guda bakwai ne. Su ni na ɗauka, babu su a wurin kowa. Su nake so cikakku, har da na Malam Isa mai muryar tulu, don abin da ya rage masa bai kai a sake ragewa ba. Tambayar da za ki riƙa yi ke nan a kan kowane abu, ba nawa kaɗai ba: in wannan ya ɓata, akwai inda zan samo wani? In akwai, matse. In babu, bar shi da nauyinsa.

Ki rubuta suna a kan kowane faifai, da wanda ke magana, da garin da aka ɗauka. Kafin in iya rubutu da zare nake gane kaset, ja na kakarki, baƙi na yayana, sauran kuma in yi ta kunnawa ina nema. Kakarki ce ta ce, "Tsofai-tsofai da kai, ka je ka koyi rubutun mana ka huta da ƙulle-ƙulle kamar mai maganin gargajiya." Da wannan gorin na shiga aji. Na iya rubutun, amma jan zaren ban cire ba.

Kuma kada ki kwashe kaset ɗin ki zubar bayan kin gama, ko da kin ga sun zama fanko a idonki. Wata rana za a yi na'urar da ta fi taki, jikokinki su so su gwada.

Saura magana ɗaya. Abu in ya yi ƙarami yana da saurin yawo. Na ga yadda masu shago a Dutse ke juya wa mutane waƙa ɗari a faifai ɗaya, wannan ya ba wancan, ba a san inda ta tsaya ba. Kakarki ba zabiya ba ce. Matar aure ce da ta yi waƙa a tsakar gidanta ba ta san ana ɗauka ba. Shekarun baya wani maƙwabci ya ce min ya kamata in ƙone kaset ɗin. Na tambayi limaminmu, ya ce, "Muryar matarka a kunnenka, wa ya aike shi?" Na riƙe wannan, amma na riƙe iyakarsa. Ki ji, ƙannenki su ji, 'ya'yanki su ji. Kada ta shiga ɗakin kwanan ɗalibai ana dariya, kada ta shiga hannun mai shago.

In za ki juye shi, ki zaɓi ranar da ba kya sauri. Ki sa sabon batir a rikoda, kada ki dogara da wuta, in aka ɗauke a tsakiya zaren zai sha wuya. Ki goge kan rikodar da auduga kamar yadda Bitrus ya nuna miki. Ki fara gwadawa da wani kaset na kasuwa har ki tabbata komai ya zauna. Sannan ki sa shi, ki bar shi ya tafi har ƙarshe, kada ki tsayar, kada ki mayar baya. Kuma wancan abin da kika ce yana share shuuu ɗin da ke bayan murya, kada ki sa masa. Ban yarda ya san shuuu daga abin da ba shuuu ba.

Ga dalilina. Ranar Juma'a farkon kawai kika ji. Can wajen ƙarshen gefen, bayan ta ambaci sunan babanki a waƙar, dutsen yana tafiya, akwai wata 'yar murya ƙasa-ƙasa, ba ta kai ƙarar awarwaro ba. Yarinya ce goye a bayanta, ba ta fi wata goma ba, tana bin waƙar da "aa, aa" daidai inda dutsen ke dawowa. Kakarki ta tsaya ta ce, "Au, takwara, ke ma kin iya?" Sannan ta ci gaba. Sai wanda ya san tana nan yake jin ta. Na shekara goma sha ina kasa kunne a wurin nan kowace Juma'a. In na'urarki za ta zubar da abin da take ganin kunne ba zai lura da shi ba, to ke za ta fara zubarwa.

Na karya haƙoran kaset ɗin jiya, duka biyun. Na makara da shekaru, amma na karya.

Daga ranar Asabar gidan nan babu muryarta har sai kin dawo hutu. Zan iya jira. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki gaida malamanki ko ba su amsa ba. In wani ɗan boko ya ce yana so, ki gaya masa kina da tsohon miji a Aujara, kuma bai saki ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya buɗe miki abin da kika je nema, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya maido mana ke cikin aminci. Allah Ya jiƙan mai sunanki, Ya haskaka makwancinta. Amin.

Ki dawo min da ita yadda na ba ki, da awarwaronta huɗu da goyonta.

Ni ne kakanki,
Malam na Aujara.